Sirrin maras lafiya da dokar kare bayanai: me ya hau kan ma'aikacin asibiti a Damagaram?

Tambaya: "Assalamu alaikum. Ni majo ce a wata CSI, wato ƙaramin asibitin gwamnati, a cikin garin Damagaram. Wata ƙungiya ta kawo mana tablet don shigar da sunayen mata masu awon ciki, kuma muna da gurup na WhatsApp inda muke tura hoton rauni ko sakamakon labo ga likitoci su ba mu shawara. Kwanan nan wani magidanci ya zo ya ce sai mun nuna masa sakamakon gwajin matarsa, wani ɗan sanda kuma ya nemi duba rajista. An ce akwai dokar kare bayanan mutane mai tara da ɗauri. Me ta ɗora mana, kuma ba za ta hana mu aiki ba?"

Wa'alaikumus salam, Malama Majo, Allah ya ƙara wa aiki albarka. Idan na fahimce ki da kyau, abu uku kike son sani: wace doka ce ake nufi, wa ya halatta ya ga abin da kuka rubuta a kan maras lafiya, da kuma yadda za ku ci gaba da aiki da waya da tablet ba tare da kun faɗa laifi ba. Bari in fara kwantar miki da hankali. Dokar ba ta hana ku rubuta rajista ba, ba ta hana neman shawarar likita ba, ba ta hana kai rahoton annoba ba. Abin da ta hana shi ne labarin lafiyar mutum ya kai ga wanda ba shi da wani aiki da shi. Kuma a asibitocinmu, ba ɓarayin intanet ne suka fi fitar da wannan labari ba. Baki ne, da rajistar da aka bari a buɗe, da wayar ma'aikaci.

Dokokin da suka shafe ku

Ba doka ɗaya ba ce, kuma wadda ta fi tsufa ita ta fi kusa da ke. Kundin hukunta laifuka na Nijar ya daɗe da tanadar ɗauri da tara ga likita, ungozoma, mai farmasi da duk wanda aka damƙa wa sirri saboda aikinsa, idan ya tona shi a inda doka ba ta tilasta masa ko ta ba shi izini ba. Wannan ya hau kan mutum shi da kansa, ba kan asibiti ba. Ba ruwansa da kwamfuta: ko a gidan biki kika faɗa, laifin ya tabbata. Dokar lafiyar haihuwa ta 2006 da dokar da ta shafi cutar sida ta 2015 sun ƙara jaddada sirri a waɗannan fannoni biyu.

Dokar da kika ji ana zancenta kuwa ita ce ta kare bayanan mutane. Nijar ta fara yin ta da doka mai lamba 2017-28 ta ranar 3 ga Mayu 2017, sannan doka mai lamba 2022-59 ta ranar 16 ga Disamba 2022 ta maye gurbinta, aka kuma yi wa wannan gyare-gyare daga baya. Hukumar da ke sa ido a kanta ita ce HAPDP, mai ofis a Yamai. Tushen abin ya fito ne daga ƙa'idar da ƙasashen CEDEAO suka amince da ita a 2010, da yarjejeniyar Malabo ta Tarayyar Afirka ta 2014. Wasu na ɗauka cewa tun da Nijar ta fita daga CEDEAO a Janairun 2025 dokar ta faɗi. Ba ta faɗi ba, domin dokar ƙasa ce. Akwai kuma dokar laifukan intanet ta 2019, wadda mai yaɗa hoton wani a Facebook ko WhatsApp ke iya cin karo da ita.

Dokar kare bayanai ta ware labarin lafiya ta sa shi cikin bayanan da ake kaffa-kaffa da su, tare da addini, ƙabila da ra'ayin siyasa. Ƙa'idojinta kaɗan ne. A karɓi bayani don wani dalili sananne, kada a juya shi zuwa wani dalilin. Kada a tambayi fiye da abin da aikin ke bukata. A gaya wa mutum wa ke karɓa da abin da za a yi da shi. A tsare shi daga ɓata, lalacewa da idon da bai dace ba. Mutum na da ikon ganin abin da aka rubuta a kansa, ya kuma sa a gyara kuskure. Hukumar na iya yin gargaɗi, ta ba da wa'adin gyara, ta ci tara, ko ta dakatar da aikin tattara bayanan.

Akwai bambancin da ya kamata ki riƙe. A asibitin gwamnati, batun sanar da HAPDP ko neman izininta ba aikin majo ba ne ita kaɗai, ta hannun gundumar lafiya, DRSP (ofishin lafiya na jiha) da ma'aikatar lafiya yake bi. Mai kilinik ko kabine na kansa kuwa, shi ne alhakin bayanan ke wuyansa, shi zai tunkari hukumar kafin ya fara zuba dosiyen mutane a kwamfuta. Amma tsare rajista da baki da waya, wannan ya hau kan kowa, daga likita har mai shara.

Inda sirri ke zuba tun kafin a kunna na'ura

Ki tsaya a bakin ƙofar ɗakin awo da safe ki saurara. Mata sun cika rumfa, labule ne kawai tsakaninsu da teburin ungozoma, ita kuma tana ɗaga murya saboda hayaniya: cikin nawa ne, ɓari nawa, yaushe rabonki da al'ada, maigida ya san kina shan magani? Duk wadda ke kan bencin gaba ta ji, kuma a unguwa irin Birni ko Garin Malam da wuya a rasa wadda ta san gidan matar. Gyaran ba ya cin kuɗi. A matsar da bencin jira ya yi nisan mita uku ko huɗu daga ƙofa, a riƙa shigar da mutum ɗaya ɗaya, a zaunar da mai magana kusa da ma'aikaciya ba tsallaken tebur ba. A waje a kira suna ko lamba kawai, kada a haɗa da abin da ya kawo mutum. "Masu karɓar maganin tari su zo nan" tonon asiri ne ko da ba a ambaci sunan kowa ba.

Haka ware wa masu karɓar maganin sida rana guda, ko ƙofa guda, ko karne mai launi dabam. Niyyar mai tsarawa sauƙin aiki ce, amma cikin wata biyu duk mai sayar da ruwa a bakin asibiti ya gane ma'anar wannan ƙofa. Daga nan sai mutane su daina zuwa, ko su riƙa tafiya Mirriya ko Matamaye karɓar magani don kada a gan su, kuɗin mota ya gagara, magani ya yanke. Wannan ita ce asarar gaske, kuma ta fi tarar hukuma nauyi: wanda ya yanke maganin sida ko na tarin fuka, ƙwayar cutar na iya daina jin maganin, ya kuma ci gaba da yaɗa ta.

Tafinta ma ƙofa ce. Jiharmu akwai Barebari, Fulani, Buzaye da Tubawa, kuma idan ma'aikaciya ba ta jin harshen, abin da ya fi sauƙi shi ne a jawo wata daga layi ta fassara. Don ciwon kai ko zazzaɓin yaro ba laifi. Don sakamakon sida, yoyon fitsari, cikin da babu aure ko fyaɗe, a nemi ma'aikaci mai jin harshen, ko a tambayi maras lafiyar wa ta yarda ya fassara, a keɓe, kafin a kira kowa.

Sai rajista. Shafi ɗaya na ɗauke da sunayen mutane da yawa, da unguwarsu, da cutarsu. Wanda ke zaune gabanki yana karantawa ko da a juye take, ɗan rakiya mai karatun lakwal ya fi shi sauri. Ki yanki kwali daidai faɗin shafi ki rufe layukan sama, ki bar layin da kike cikawa. Idan za ki tashi, ko na minti biyu ne, ki rufe ta. Rajistar tazarar haihuwa, ta gwajin sida ga masu ciki da ta tarin fuka ba sa kwana a kan tebur: armuwar ta ƙarfe mai makulli, makulli a hannun mutum biyu sanannu, na gadi kuma a miƙa shi hannu da hannu a rubuta. A ajiye ƙaramin kaye na aro: duk wanda ya ɗauki dosiye ko rajista, ko ɗan istaji ne mai rubuta kundin kammala karatu, ko mai sufabiziyo, ya rubuta suna, rana, dalili da ranar mayarwa.

Tsofaffin takardu su ne aka fi sakaci da su. Ana tara su a wani ɗaki, gara ta ci wasu, ruwan damina ya jiƙa wasu, sauran kuma wani ya kwashe ya sayar, sai ka ga takardar sakamakon labo da sunan mutum an naɗe ƙosai ko tsire da ita. A idon doka, ɓatan dosiye da fitarsa duk gazawar tsaro ce. A ɗaga kantoci daga ƙasa kamar santimita 15 zuwa 20, nesa da bangon da ke yoyo. Takardar gwamnati ba a ƙona ta da ra'ayin majo, sai an nemi izinin gunduma, a rubuta jerin abin da za a ƙona, a ƙona a murhun ƙona shara na asibiti gaban shaidu biyu, a tona tokar a tabbata tsakiyar rajistar ta ci, domin littafi mai kauri gefensa kawai wuta ke lasa idan ba a yayyaga shi ba.

Gurup ɗin WhatsApp

Ba zan ce ku rufe shi ba. Majon da ke Tanut ko Tesker, nesa da likitan ƙashi ko na yara, hoto ɗaya na iya sa a san ko a tura maras lafiya Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram a daren ko a jira safiya. Amma ki san inda hatsarin yake. Saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya daga waya zuwa waya, ba a hanya ake sace shi ba. Matsalar tana farawa bayan ya sauka. Hoton na faɗawa cikin hotunan wayar duk wanda ke gurup ɗin, ya haɗu da na suna da na biki. Daga can wayar na iya kwafe shi zuwa ajiyar Google ko ta Apple ba tare da mai ita ya lura ba. Da yamma yaro ya karɓi wayar yana wasa. Wuta ta ɗauke, an kai ta wurin mai caji. Gilashi ya fashe, an bar ta kwana biyu wurin mai gyara tare da lambar buɗewa. Ƙarshe a sayar da ita a kasuwa ba a goge ba. Gurup mai mutum 40, hoto ɗaya ya zama 40, kuma ba ki da iko da ko ɗaya.

Ga yadda ake rage wannan. Kafin a ɗauki hoto a nemi yardar maras lafiya da harshen da yake ji, a gaya masa wa za a tura wa, a rubuta a dosiye cewa ya yarda. A ɗauki wurin ciwon kawai. Ban da fuska, ban da tsagar gado, zanen lalle, zobe ko atamfar da za a gane. Idan takardar labo ce ko hoton rediyo, a naɗe saman takardar ko a rufe sunan da wata takarda kafin a ɗauka. Shafa baƙin alƙalami a cikin waya bayan an ɗauka bai isa ba, asalin hoton na nan a ajiye. A rubutu a sa lambar dosiye, shekaru da jinsi. A kula da sunan ƙauye: "mace mai shekara 16, ciki wata biyar, daga ƙauye kaza" suna ne cikakke ga duk wanda ya san ƙauyen.

A cikin saitin gurup ɗin a kashe saukar hotuna cikin ma'ajiyar waya, a kunna saƙo mai gogewa da kansa, wanda WhatsApp ke ba da zaɓin awa 24, kwana 7 ko kwana 90. Kwana 7 ya wadatar, da sharaɗin a kwafe shawarar likita cikin dosiye a ranar, da sunansa da lokaci, domin dosiye ne shaida ba waya ba. Hoton al'aura ko na nono kada ya shiga gurup sam, a tura wa likita ɗaya kai tsaye da zaɓin gani sau ɗaya, duk da cewa shi ma ana iya ɗaukarsa da wata wayar. Kowa ya sa wa wayarsa kulle, ya kuma kunna lambar tsaro ta biyu mai alƙaluma 6 a WhatsApp, wadda ke hana wani ƙwace asusun idan ya sami layin. Shugaban gurup ya bi sunaye duk ƙarshen wata ya cire ƴan istajin da suka gama da ma'aikatan da aka canza wa wuri. Gurup ɗin shawarar likita dabam, na gaisuwa da sanarwar ɗaurin aure dabam. Yawancin hotunan da suka fita, a gurup ɗin da aka gauraya biyun ne wani ya tura ba inda ya nufa ba. Idan hali ya yi, asibiti ya mallaki waya ɗaya ta aiki da ke kwana a armuwar, ya fi wayoyin ma'aikata goma aminci.

Abin da babu uzuri a kansa shi ne ɗora hoton maras lafiya a Facebook ko a status, ko don neman masa taimako ne. Yaron da ke kwance a CRENI, sashen jinyar yara masu tamowa, da ƙasusuwa a waje zai girma, hoton na nan. Idan iyaye da kansu suka nemi a yi, a bayyana musu cewa magana zarar bunu ce, abin da ya hau intanet ba ya dawowa, kuma a rufe fuska.

Tablet ɗin ƙungiya

Nan ne dokar kare bayanai ta fi cizo, kuma nan ne ma'aikata suka fi sa hannu ba tambaya. Manhajojin da ƙungiyoyi ke amfani da su, irin KoboToolbox, ODK ko CommCare, suna tura abin da kika shigar zuwa wata babbar kwamfuta, kuma sau da yawa ba a Nijar take ba. Fitar da bayanan mutane zuwa wata ƙasa abu ne da doka ta gindaya wa sharaɗi, kuma HAPDP na da ta cewa a ciki. Ki tambayi ƙungiyar, ta hannun shugaban likitocin gunduma: akwai yarjejeniya a rubuce da ma'aikatar lafiya? Sun bi ta hukumar? A wace ƙasa bayanan ke sauka, wa ke ganin sunaye, har yaushe za a riƙe su, me zai faru da su ranar da aikin ya ƙare? Ƙungiyar kirki na da amsar waɗannan a shirye. Waɗanda hedkwatarsu ke ƙasashen Tarayyar Turai ma suna ƙarƙashin dokar can, RGPD, mai aiki tun 25 ga Mayu 2018, wadda ke tilasta sanar da hukuma cikin awa 72 idan bayanai suka fita, da tara da ke iya kai Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin ɗari na cinikin shekara. Ba za su yi mamakin tambayar ba.

Ki duba fom ɗin da kanki. Idan aikin ƙidayar awon ciki ne, me ya kawo lambar wayar miji, hoton fuska, zanen yatsa ko alamar GPS ta ƙofar gida? Duk gurbin da ba a iya faɗin amfaninsa ba, a nemi a cire. Kuma matar da ta ƙi a shigar da ita a tablet ɗin ƙungiya, a yi mata awonta cikakke a rubuta a rajistar gwamnati. Kulawa ba ta rataya a kan yarda da aikin wata ƙungiya ba.

Kowane ma'aikaci ya sami sunan shiga da lambar sirrinsa. Idan mutum biyar na shiga da suna ɗaya, ranar da aka goge ko aka fitar da wani abu ba a san wanda za a tambaya ba. Kada a liƙa lambar a bayan na'ura. Allon ya kulle kansa bayan minti biyu zuwa biyar. Ga kwamfutar ofis, hatsarinta biyu ne: kilen USB mai yawo daga sakatariya zuwa sibar kafe, da tsohon Windows. Microsoft ta daina gyara Windows 7 a Janairun 2020, Windows 10 kuma a Oktoban 2025. A Mayun 2017 ƙwayar cutar kwamfuta mai suna WannaCry ta kulle kwamfutocin asibitocin Ingila da ba a sabunta ba, aka soke ganin likita kusan 19,000. A riƙa kwafe bayanai duk mako a faifai na dabam mai kulle, a cire shi daga kwamfutar a ajiye a wani ɗaki, a kuma gwada buɗe shi lokaci lokaci, don an sha samun faifan ajiya babu komai a ciki ranar da aka bukace shi.

Rahoton wata da kuke turawa DHIS2, manhajar tattara alƙaluman lafiya ta ƙasa, bai shiga wannan damuwa ba, alƙaluma ne ba sunaye ba.

Miji, ɗan sanda da sauran masu tambaya

Sakamakon gwajin mace baliga mai hankali nata ne. Kasancewar miji ne ya biya kuɗin ordonas ko ya kawo ta a babur bai mayar da shi nasa ba. Na san nauyin wannan magana a garinmu, inda maigida ke ganin lafiyar iyalinsa amana ce a wuyansa, kuma yawanci da kyakkyawar niyya yake tambaya. Saboda haka ba korarsa za a yi ba. A zaunar da shi a girmama shi: "Alhaji, ƙa'idar aikinmu ita ce sakamako mai shi ake ba, kai ma naka ba za mu ba kowa ba. Ku zo tare, in ta yarda sai mu yi bayani gabanku." Sannan a ga matar ita kaɗai, a tambaye ta ko ta yarda, da me ta yarda a faɗa. Kada a tambaye ta gabansa, wannan ba yarda ba ce. Kada kuma a yi masa ƙarya, kada a ce "ba ta taɓa zuwa nan ba" ko "tana zuwa", domin tabbatar da zuwanta sashen tazarar haihuwa ma tonawa ne. Uwar miji, kishiya da wa duk hukuncinsu ɗaya.

Sida ce ke da wuya, domin akwai ran wani a ciki. Hanyar aiki ita ce a yi ta nasiha ga mai cutar ya faɗa da bakinsa, a yi masa tayin zama tare da ma'aikaci a faɗa, ko a gayyaci ma'auratan gwaji tare. Idan ya ƙi sam, ba majo ko ungozoma ce za ta yanke hukunci ita kaɗai ba, a kai wa likitan da ke kula da sashen, shi ya bi abin da dokar sida ta tsara. Wanda ya suma ko hankalinsa ya gushe, ana gaya wa makusancin da ke jinyarsa gwargwadon abin da jinyar ke bukata. Ƙaramin yaro kuma iyayensa ke karɓar bayani, sai inda ake zargin cutarwar daga gida ta fito.

Ɗan sanda ko jandarma, kakinsa kaɗai bai buɗe rajista. Abin da ke buɗe ta shi ne takardar umarni a rubuce, mai sa hannu da hatimi, a cikin binciken shari'a. A karɓi takardar, a ajiye kwafi, a sanar da shugaban likitocin gunduma kafin a ba da komai, a amsa abin da aka tambaya a kan mutumin da aka ambata kawai. Ba a miƙa rajista sukutum, don akwai ɗaruruwan mutane a ciki da ba ruwansu da shari'ar. Idan ya zo da baki kawai, a ce masa cikin ladabi ya kawo takarda. Wannan kariya ce gare shi shi ma.

Mai gidan aiki ko daraktan lakwal, takardar hutu kwanakin hutu take faɗa, ba sunan cuta ba. Ɗan jarida a tura shi DRSP.

Cututtukan da doka ta wajabta kai rahotonsu dabam suke: sanƙarau, ƙyanda, kwalara, shan inna, mashaƙo da sauransu. Jiharmu ta ga sanƙarau a ƙarshen 2022 zuwa 2023, ta ga mashaƙo a yankin Matamaye a 2023, kin san abin da jinkirin kwana biyu ke jawowa. Nan ba a jiran yardar kowa. Amma jerin sunaye ta hanyarsa yake bi, daga CSI zuwa mai kula da annoba na gunduma zuwa DRSP. Mai unguwa da liman ana gaya musu akwai cuta a unguwa don su taimaka da faɗakarwa, ba a ba su sunan gida.

Wani abu da ba a cika ɗauka a matsayin tonon sirri ba shi ne ba wa mutum sakamakon wani. Sunaye irin Hadiza, Mariyama da Ibrahim sun yi yawa, ranar haihuwa sau da yawa ƙiyasi ce, wata matar kuma ba ta faɗin sunan mijinta saboda kunya. Kafin a miƙa takarda a haɗa abu uku: suna, lambar dosiye ko ta karne, da unguwa ko sunan uwa. A bar mutum ya faɗa da bakinsa, kada a karanta masa ya ce "eh".

Nauyin da dokar ta ƙara, da ranar da abu ya fita

Gaskiya ne akwai nauyi. Neman yarda na cin minti biyu ko uku ga kowane mutum, a wurin da ungozoma ɗaya ke da layi har ƙofa. CSI da yawa ba su da ɗakin keɓewa, ba armuwar mai kulle, kuma tsarin dokar ya fi dacewa da banki ko kamfanin waya fiye da kaz da sante mai ɗaki biyu. A ganina gundumomi ne ya kamata su ɗauki nauyin armuwar, wayar aiki da horo, su kuma sa batun sirri cikin takardar sufabiziyo kamar yadda ake duba firjin rigakafi. Kafin nan, kwamitin kula da asibiti na iya sayen kwaɗo da labule mai kauri, ke kuma ki sa kowane ma'aikaci, har mai gadi da mai karɓar kuɗi da ƴan istaji, ya sa hannu a takardar alkawarin riƙe sirri mai shafi ɗaya, a karanta wa wanda ba ya karatu da Hausa.

Idan waya ko tablet ta ɓata, ko hoto ya fita, kada a ɓoye. A ranar a cire lambar daga gurup, a sa kamfanin waya ya toshe layin, a canza lambobin shiga, a gaya wa ƙungiyar ta rufe asusun na'urar. A rubuta abin da ya faru, yaushe, bayanan mutum nawa, a kai wa gunduma. Wanda abin ya shafa a kira shi a keɓe a gaya masa, ya ji daga bakinku kafin ya ji a unguwa. Sanar da HAPDP, a asibitin gwamnati ta hannun magabata yake bi, mai kilinik kuwa shi zai yi da kansa.

Wannan bayani na tsarin aikin yau da kullum ne. Idan magana ta kai ga sammaci, ko wani ya shigar da ƙara a kanki, sai lauya ya duba takardun, kuma kafin ki sa hannu a wata yarjejeniya da ƙungiyar nan ki nemi gunduma ta samo rubutacciyar amsa daga HAPDP a kan inda bayanan matan ke sauka.